Kifin Teku a Zaurenmu

Shekarar da Turawa suka fara haɗa kayansu, kowane ma'aikaci a Birnin Kebbi ya samu abin da ya samu. Wani keke, wani agogon bango. Shi kuwa maigidana, da yake akawu ne a ofishin wani Bature, sai ga shi da 'yan dako suna ɗauke da akwatin gilashi cike da ruwa. A ciki akwai wani farin dutse mai rassa da ƙananan kifaye masu launi, waɗanda aka kawo tun daga teku. Na leƙa, na ce masa duka-dukansu ba za su yi mini miyar rana ɗaya ba. Bai yi dariya ba.

Na san abin da ya sa. Maigidana ɗan masunta ne na Argungu, amma tun yana ƙarami aka kai shi makarantar boko, bai taɓa riƙe homar kamun kifi ya shiga gulbi ba. Duk lokacin da muka je gida, 'yan uwansa sai sun tsokane shi, wai kifi sai a akushi ya san shi. Yakan yi murmushi, amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na san abin yana cin ransa. Ya ƙudura cewa waɗannan kifayen ba za su mutu a hannunsa ba.

Hidimarsu ta fi ta jariri. Babu lantarki a unguwarmu, don haka yakan hura tif ɗin mota da famfon keke safe da yamma, iskar tana tsiyaya ta wani siririn tiyo tana yin kumfa a ruwan. Akwai kwalbar tacewa mai yashi da gawayi da auduga, ni ke wanke ta ranar Juma'a ina mita. Baturen ya bar buhun gishirin teku, ya kuma nuna masa ma'aunin da ake damawa. To, da bazara ta kama, kullum ruwan akwatin sai ya ragu. Maigidana ya dama ruwan gishiri daidai ma'auni, ya cika. Gobe ya ragu, ya sake damawa ya cika.

Kifayen suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya sauya gawayi, ya sauya auduga, ya rataya jiƙaƙƙen buhu a ƙofar zaure don sanyi, duk a banza. Aka wayi gari saura ɗaya, wani ɗan rawaya, shi ma ya lafe a bayan dutse ya daina cin abinci. Maigidana ya bi sahunsa, tuwo sai ya taɓa ya ture. Tausayinsa ya kama ni sosai, har na daina tsokanarsa.

Ana cikin haka surukata ta zo daga Argungu. Inna mace ce da ta tsufa tana ƙyafe kifi, kuma ba ta tambayar izinin kowa. Ta tsaya gaban akwatin, ta tsoma yatsa ta lasa, ta tofar.

"Ke, mi na gani haka? Wa ka sa ma kihi gishiri tun bai mutu ba?"

Na ce, "Inna, na teku ne, haka Bature ya ce a yi masa."

"Bature ya tahi garinsu. Wanga zalunci na, aradu."

Washegari, bayan maigidana ya tafi ofis, ta aika aka ɗebo mata ruwan gulbi. Ta bar shi ya kwanta a randa, ta tace da farin ƙyalle, ta kwashe ruwa 'yan ƙoƙuna daga akwatin ta mayar da nata. Na roƙe ta, na ce ɗanta zai iya sumewa. Ta ce ita ta haife shi. Haka ta riƙa yi kowace safiya, kaɗan-kaɗan, ni kuma na ɓoye wa maigidana.

Wata ranar da la'asar maigidana ya ƙwala mini kira daga zaure. Na fito a guje ina salati, na ɗauka an gama. Sai ga ɗan rawaya yana zagaya dutse yana cafkar abinci. Dole na faɗa masa gaskiya. Ya shafa farin ɓawon da ya bushe a bakin gilashin, ya lasa. Sannan ya tambaye ni, in miya ta tsotse a kan wuta, me nake ƙara mata. Na ce ruwa mana, wa zai ƙara gishiri? Muka kalli juna. Rana ruwa kawai take sha, gishirin yana nan, shi kuma kullum yana ƙara wani a kai.

Daga ranar ya ja layi a jikin gilashin. In ruwa ya sauka ƙasa da layin, a cika da tataccen ruwan randa. Na gishiri sai in an kwashe tsoho za a sauya. Inna kuwa ta tafi da imanin cewa ta raba kifin da gishiri har abada, ta mai da shi Bakabe, ɗan gulbinsu. Na so in gyara mata, maigidana ya taka mini ƙafa.

Da muka je Argungu da sallah, wani ƙanen babansa ya fara tsokanar da aka saba, wai ina masuncin takarda. Inna tana tsugune tana juya kifi a kan wayar gashi, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ku bar mini ɗa. Ku kashewa kunka iya. Shi kihi garai a gida, da rai, yana ba shi abinci da hannu nai."

Maigidana ya sunkuyar da kai, ya jawo akushi. Ranar sai da na ƙara masa tuwo.