Gudumar Ƙi-Zauna

Ƙi-Zauna kafintan rufi ne, kuma waɗanda suka laƙaba masa sunan ba su zalunce shi ba. Ko abinci a tsaye yake ci, yana leƙen sama kamar ya bar ajiya a can.

A bakin rumfar kafintoci akwai wata tsohuwar ƙusa. Duk wanda ciwo ya kayar, sai ya rataye gudumarsa a jikinta ya tafi gida. Wanda ya sauke ta, shi zai haɗa aikin mai ita da nasa, ladan kuma a kai gidan mara lafiya. Tun yana da baƙin gashi Ƙi-Zauna yake sauke gudumomin mutane. Tasa kuwa ba ta taɓa hawa ƙusar ba, kuma da wannan yake tinƙaho.

Sai jiri ya fara kama shi a kan tsani. Ya ɓoye wa kowa, amma ina za ka ɓoye wa wadda take ganin kana dafa bango in za ka yi alwala?

"Baban yara, ka rataye gudumar nan," in ji matarsa.

"Wa zai sauke? Tun da aka shigo da inshora, yaran yanzu riguna suke ratayewa a ƙusar."

"To, ita inshorar fa?"

"Sai ka faɗo take sanin ka."

"Au, faɗowar kake jira? Lalle wanzami ba ya son jarfa."

Maganar ta ƙona masa rai, don gaskiya ce. Tsoron faɗuwa yana nan, amma wanda ya fi cin sa shi ne ya rataye gudumar ta wuni tana lilo, kowa ya wuce ta.

Ran da kwanon rufi ya juya masa har ya rungume katako, bai jira shawarar kowa ba. Ya sauko, ya rataye gudumar a ƙusar, ya fice ko waige babu. Gida bai nufa ba. Ya bi layin masu walda, ya tsaya wajen mai gyaran keke, ya yi cinikin igiyar da ba ya bukata. Ƙafarsa dai ta dawo da shi rumfar.

Ƙusar babu komai sai wata riga mai gumi.

Daga saman ginin da ya bari ya ji bugu. Dogo ne, abokin faɗansa, wanda rabon da su gaisa tun wata rigima a kan zarto.

"Kai, Ƙi-Zauna!" Dogo ya ƙwala masa kira. "Gudumar nan taka nauyi gare ta kamar halinka. Samari biyu na riga sauke ta, saura ƙiris su ƙwace. Tafi gida, kana tare mana iska."

Ƙi-Zauna bai tafi gida ba. Sai ya jawo wani guntun katako ya zauna, yana sauraron gudumarsa tana aiki ba da shi ba.