Juma'ar da na kai Baba bakin teku

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa wani Bature injiniya a nan Doha, na ƙware a wani abu da ban taɓa zaton zan sani ba, wato hasashen igiyar ruwa. Ni da na tashi a garin da babban ruwansa shi ne kududdufin bayan makaranta! Maigidan nawa mayen wasan teku ne. Yana da wani dogon allo da muke ɗaurewa a saman mota, ya hau ya tsaya a kai, igiya ta kwashe shi zuwa gaɓa. Tekun nan kuwa kun san halinsa, yawancin shekara a kwance yake kamar ruwa a faranti, sai iskar arewa da ake kira shamal ta taso sannan ya motsa. Shi ya sa ya saka mini wata manhaja a waya, ya koya mini duba ƙarfin iska da inda ta dosa da tsayin igiya. In lissafi ya yi daidai sai mu kama hanyar arewa, tafiyar awa guda da wani abu, zuwa wani bakin ruwa mai farin yashi.

Kaina fa ya kumbura. In na dawo masauki ba na barin kowa ya huta, daga bidiyo sai bayani, kamar ni nake kaɗa iskar.

A ɗakinmu akwai wani dattijo mutumin Gusau, kowa Baba yake ce masa. Gadi yake yi a wani dogon bene a unguwar West Bay da ke bakin teku. Shi ya karɓe ni ina baƙo, ya bar mini gadon ƙasa ya hau na sama da shekarunsa, don ya ga ina tsoron faɗowa. Wata rana ya karɓi wayata ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, shekara shida ina hango ruwan nan daga bakin get, ban taɓa ganin ya ɗaga kai ba. Anya wannan ba haɗin waya ba ne?"

Na ce, "Baba, wallahi sai na kai ka ka gani da idonka."

Maigida bai ƙi ba, ya ma ce in ɗauki motar duk Juma'ar da na so. Matsalar ita ce Juma'a kaɗai Baba yake hutu, iska kuwa ba ruwanta da ranar hutun kowa. Ta zo Talata, ta zo Laraba, Juma'a ruwa ya kwanta luf. Duk daren Alhamis sai ya tambaye ni, "Malamin iska, me wayar ta ce?" Ni kuma in ce ba gobe ba.

Bayan kamar wata biyu ya ce, "Ko a kwance yake mu je mana. Yashin ma ai abin kallo ne."

"Haba Baba! So kake mu dawo ka ce wa 'yan ɗaki ƙarya nake yi? Ka yi haƙuri, ba zan kai ka ka ga tafki ba."

Sai ya ce to Allah ya kai mu. Sau uku yana yi mini wannan roƙon, sau uku ina ba shi amsa iri ɗaya. Gaskiyar magana, mutuncin surutuna nake karewa.

A tsakanin nan na ga abubuwa, amma ban karanta su ba. Ya fara ba ni saƙonnin gida in karanta masa. Ya daina zuwa kasuwar Asian Town cefane, sai ya ba da sautu. Akwai ranar da ya tsiyaya shayi a gefen kofi, na yi ta dariya ina ce masa tsufa ya zo, a nemi tabarau. Shi ma ya taya ni dariyar.

Sai da aka yi wata biyar, sanyi ya shigo, sannan wata Alhamis manhajar ta nuna abin da nake jira. Ana idar da sallar Juma'a muka ɗauki hanya, maigida a gaba, Baba a baya da sabuwar shaddarsa. Da muka sauka ya kama hannuna, na ɗauka yashi ne yake masa wuyar takawa.

Teku ya tashi sosai ranar. Igiya na biye da igiya, kowace ta taso ta naɗe ta fashe da farin kumfa. Na ce, "To Baba, ƙarya na yi?"

Ya yi murmushi yana fuskantar ruwan. "Masha Allah. Lallai maigidanka jarumi ne, dubi yadda yake tafiya a kai."

Babu kowa a cikin ruwan. Maigida yana bayanmu, bai ma gama kwance allon daga mota ba.

Na ɗaga hannu a gaban fuskarsa, idonsa bai bi ba. Na ce, "Baba, tun yaushe?"

Ya ce, "An kwana biyu. Lokacin da nake ce maka mu zo ko a kwance yake, ina iya bambance fari da shuɗi. Yanzu sai haske kawai."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Kai? Da bakin nan naka? Ai kafin la'asar kamfani ya ji, sun sallame ni. Ƙafata ta haddace wurin aikin, shi ya sa na kai yau." Sai ya matse hannuna. "Bar wannan. Gaya mini yaya yake."

Saboda ruɗewa na ciro waya na fara karanto masa tsayin igiya da gudun iska. Ya ce, "Ajiye wannan abar, ɗana. Kai ni kusa."

Na naɗe masa ƙafar wando, muka taka har inda yashi ya jiƙe. Igiya ta farko ta doke shi a gwiwa ya yi baya, na tare shi. Ya ƙyalƙyale da dariya kamar yaro, yana cewa, "Ashe da ƙarfi take zuwa!" Ni kuwa kuka nake yi, ban yi ƙoƙarin ɓoyewa ba tunda ba ya gani.

Da muka je asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Bayan sati uku Baba ya koma gida Gusau.

Na daɗe da barin wancan aikin, amma abin bai bar ni ba. Da ban tsaya jiran ranar da za a yaba mini ba, da ya ga farin yashin nan da shuɗin ruwa, ko a kwance ne, ya tafi da su. Mutum ya roƙe ni ƙaramin abu sau uku, ban tsaya na tambayi kaina dalilin gaggawarsa ba. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi, ko da yake shi bai taɓa ɗora mini laifi ba.

Muna gaisawa a waya. Ashe yana ba jikokinsa labari cewa ya ga igiyar teku da idonsa, ta kai tsayin katanga. Ran nan ya miƙa wa ƙaramarsu wayar, ta ce, "Kawu, wai da gaske ya gani?"

Na ji numfashinsa a kusa da wayar, yana jira. Na ce mata, "Da gaske ne. Ni na kai shi."