Ranar da Na Auna Jijjigar Kujerar Baba

Katsina, Asabar

Mun tashi daga garejin manyan motoci bayan sallar Asuba, ana yayyafi. Ni da mahaifina ne, wanda tun kafin a haife ni yake jan babbar mota tsakanin Katsina da Jibiya. Aikin kammala karatuna na injiniya ne ya shigar da ni motar, zan auna ƙarar taya da jijjigar da take aikowa jikin direba. Na ɗaure makirfo kusa da tayar gaba, na manna 'yar na'ura ƙarƙashin kujerar Baba, wata a jikin sitiyari, na haɗa su da kwamfutar da ke kan cinyata. Baba sai dariya yake yi, wai yau motarsa ta ga likita.

Kan hanya

Tafiyar ba ta da nisa, shingayen jami'an tsaro ne ke tsawaita ta. A wani shinge soja ya tambayi wayoyin da ya gani a taya. Baba ya ce, "Ɗiyata ce, injiniya." Ya faɗa da ƙarfi, don kowa ya ji.

Daga nan muka ci gaba da tafiya. Damina ta yi nisa, amma gonaki da yawa ciyawa ce ta cinye su, masu su sun gudu saboda 'yan bindiga. Na mai da idona kan kwamfuta, can ma ba daɗi. Jijjigar ta haura iyakar da aka koya mana jikin mutum zai iya jurewa, kuma ko a kwalta mai kyau ba ta sauka ba, don tayar gaba ta cinye ta gefe ɗaya. Ni da na shiga yau, bayana har ya fara ciwo.

Baba ya ce in buɗe masa fulas ɗin shayi. Da na miƙa masa kofi na ga yatsunsa sun kasa riƙewa. Ashe da tafin hannu yake danne sitiyari. Ya ce sanyin ruwan sama ne.

Jibiya

Da hantsi muka isa. Ya kashe mota, amma bai motsa ba. Wasu 'yan dako biyu suka zo, ba wanda ya kira su, suka sauko da shi kamar buhu. Yadda suka yi abin ba gardama ya nuna mini sun saba.

Suka kai shi gidan Hajiya Rabi, wata dattijuwa 'yar Maraɗi mai sayar da maganin gargajiya. Ta ba shi ruwan sassaƙen itacen hano da ta dafa, ta miƙo man kaɗanya haɗe da citta aka murza masa a baya da yatsu. Na san ƙawayena masu karatun haɗa magunguna suna binciken hano kan kumburi, sai na tambaye ta ko zai warke. Ta ce maganin yana kwantar da kumburi da zogi, shi ne iyakarsa. Ta daɗe tana ce masa ya ga lokotoro, kamar yadda suke kiran likita, yana ƙi. Nan yake kwanciya kowace tafiya har ciwon ya lafa, don ya shigo mana gida a miƙe.

Da la'asar na juya masa kwamfutar, ina bayanin taya da kujera, ina cewa za a iya gyarawa. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "A shingen ƙarshe na taka birki, ban ji shi ƙarƙashin ƙafata ba. Kuma kina gefena."

Ya sa na kira masa mai motar, ya ce a turo wani direba, a kuma canza tayar kafin yaron mutane ya hau. Mukullin ma ni na zaro masa daga aljihu. Hajiya ta kawo tuwon gero da miyar kuka, ba wanda ya ci na kirki. A gidanta muka kwana.

Komawa, Lahadi

Motar haya muka shiga, na sama masa gidan gaba. Duk ramin da muka tunkara sai in ga kafaɗarsa ta karkata, yana kauce masa, alhali wani ke tuƙi.

Mun iso gida kafin Azahar, ina riƙe da shi, ɗayan hannun da galan ɗin maganin Hajiya. Mun gode wa Allah da ya dawo da mu, na kuma gode wa 'yan dakon nan da Hajiya Rabi da suka riƙe mana shi ba mu sani ba. Inna ta fito tsakar gida, ta dube shi, ta tambaye shi ina mota.

Baba ya ce, "Shimfiɗa mani tabarma tukuna."