Wanzamin da Ya Wanke Jinin Matarsa

Tanimu wanzami mijin yayata Asama'u ne, saboda haka ina da ikon in faɗi abin da na ga dama a kansa, ko yana kabari. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kawunan da ya yanka.

A Wara ta ƙasar Ngaski, zamanin muna ƙarƙashin Sakkwato, babu bayan da bai sha ƙahonsa ba. Masunci ya kwana cikin ruwa ya taso da ciwon baya, ƙaho. Manomi ya yi faɗa da matarsa kansa na sarawa, ƙaho. A wurin Tanimu duk cutar duniya mataccen jini ce.

Sai Yaya ta fara ramewa. Tafin hannunta ya yi fari, gefen cikinta na hagu ya kumbura, daga ɗaki zuwa murhu sai ta zauna ta huta. A asibitin Yelwa suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, mu nemi likitan da ya karanci cutar jini da ciwon daji, in mun yi sanyin jiki za mu rasa ta. Muka yi ta tambaya har wani malamin asibiti ya ce akwai wata a Sakkwato.

Ana gobe tafiya na shiga gidan na tarar da Yaya a kife kan tabarma, ƙahoni jere a bayanta.

Na ce, "Tanimu, mi kaka yi?"

Ya ce, "Ke Hafsatu, likitan jini za ta duba ta. Kina so a buɗe matar wanzami a iske jini mai dauɗa? In sa fuskata ina?"

Wato kamar yadda ake share tsakar gida in za a yi baƙi.

Kafin mu wuce Jega Yaya ta sulale cikin mota. A kafaɗa muka shigar da ita asibiti. Likitar wata 'yar siririya ce, ba ta kai buhun gero nauyi ba. Ta ɗaga rigar Yaya ta ga sabuwar tsaga.

"Wa ya yi wannan?"

Tanimu ya gyara hula. "Aikina ne, ranki ya daɗe."

"Jininta ya kusa ƙarewa, kai kuma ka kwashe sauran. To, miƙo hannu, a gwada naka."

Aka gwada, ya dace. Mutumin da ya zubar da jinin rabin Ngaski ya ga allura sai ya fara salati.

"Hafsatu, ke ba ki badawa? 'Yar'uwarki ta fa."

Na ce, "Wanda ya zubar shi ka kwashewa. Kwanta!"

Ya kwanta, ya rufe ido, ya bar mini wasiyyar askarsa. Ledar jinin ba ta cika ba ya suma, amma sai da suka cika ta.

Likita ta ce ciwon daji ne na jini, ba ya warkewa, amma da magani ana zama da shi. Aka yi mata ƙarin jini. Washegari Yaya ta buɗe ido ta nemi fura. Na gaya mata jinin wa ke yawo a jikinta.

Ta ce, "Shi ya sa tun da na farka nika jin tsoro."

Da ƙafarta ta sauka mota a Wara, kuma sai da ta goya jikoki biyu.