Na Busa Usur, Yaran Ba Su Tsaya Ba

Malam Garba, zauna ka ji. Daren jiya na yi wani mafarki. Kuma don Allah kar ka fara dariyar nan taka.

Ka san shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da badujala a makarantar nan. Abin da ba ka sani ba, shugaban makaranta ma ban gaya masa ba, kunnena ya fara mutuwa. Na hagu ya tafi tun bara, na daman ma sai an ɗaga murya. Da ido nake aiki yanzu, ina kallon ƙafafun yara da hannun mai babbar ganga. Ranar da aka gane, shi ke nan, sai a ce in koma gefe.

To, a mafarkin wai ranar fareti ce. Yarana sun jeru a fili cikin fararen kaya, bigila sai ƙyalli take. Na ɗaga hannu, suka ɗauka. Ina ganin kumatu sun kumbura, ina ganin Iliya mai babbar ganga yana jibgarta iya ƙarfinsa, amma ko ƙas ban ji ba. Shiru, kamar an tsoma kaina a randa. Na ci gaba da kaɗa hannu ina murmushi, wai ni gwani.

Sai kawai filin ya zama hanyar bayan makaranta, wadda ta gangara kududdufin da ake haƙar ƙasar gini. Ya cika ya batse kamar tsakiyar damina. Yaran suka miƙe masa sak, hagu dama, hagu dama.

Ni na koya musu, Garba. Ni da bakina: ba waiwaye, ba kallon ƙasa, ko kunama ce ta harbe ka ba ka tsayawa sai ka ji usur ɗina. Yara nawa na sa tsallen kwaɗo don sun tsaya ɗaure takalmi?

Na sa usur a baki na busa. Ban san ko ya yi ƙara ba. Na sake busawa har jijiyoyin wuyana suka tashi, ba wanda ya tsaya. Na ce bari in ruga in sha gabansu, ƙafafuna suka ƙi, su ma fareti suke yi.

Sai kawai ga shugaban makaranta a bakin hanya, zaune ƙarƙashin rumfar manyan baƙi, yana ta tafi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ce su tsaya! Ba na ji! Wallahi ba na ji!" Bakinsa ya motsa, ya gyaɗa mini kai, ya ci gaba da tafinsa.

Layin farko suka shiga ruwa. Gwiwa, ƙugu, ƙirji. Ko mutum ɗaya bai ɓata taku ba, ban taɓa ganin sun yi kyau haka ba. Iliya ne kaɗai ya karkato ido, bai juyo da kai ba tunda na hana, yana kallon bakina yana jira. Ni kuwa ina ta busa, hawaye na shiga mini baki.

Na farka Binta matata na girgiza kafaɗata, gari ya waye tangaran. Ta sunkuyo wajen kunnen dama ta ce, "Malam, an kira salla, an idar. Tun daga bakin ƙofa nake kiranka, ya fi sau biyar." Masallacin nan kuwa katanga ce kawai tsakaninmu, lasifikarsa ɗakina take kallo.

Tsoro nake ji, Garba, ba zan ɓoye maka ba. Faretin gaske saura kwana tara. Kai da ka zauna gaban malamai, fassara mini. Ana nuna mini in je in faɗa wa shugaba gaskiya in ajiye aikin ne? To in na ajiye, ni me na iya ban da wannan? In kuma na yi shiru, ina zan kai yaran mutane?