Ƙwayoyin Yaya Hajara

Kano zuwa Jos

Da aka sallame sallar asuba na kama motar Jos. Jami'a za ta karrama yayata, Farfesa Hajara, wadda ta rasu bara bayan ta ƙarar da rayuwarta tana binciken ƙwayoyin halittar jikin mutum. Babanmu suka gayyata ya karɓi lambar yabon, ya ce ba za shi ba. Shi na tafi lallashi.

A shingen Saminaka wani jami'i ya ga hotonta a cinyata, ya tambayi aikinta. Ina cewa ƙwayoyin halitta, ya zaro ido.

"Hajiya, ƙwaya kuma?"

Motar ta kwashe da dariya. Ni kuwa hawaye ya zo mini, domin kalmar nan ce ta shiga tsakaninta da Baba.

Nasarawa Gwom

Na iske Baba a kan kekensa na ɗinki. Tun ranar da abokan hirarsa suka tsokane shi wai 'yarsa ƙwaya ta je karantowa, bai sake ambaton aikinta ba. Ta zama Farfesa, aka kira ta ƙasashen waje aka ba ta lambobi, shi dai "malamar makaranta" yake cewa. Abin yana ci mata rai, na sani.

Na ci tuwon acca, na yi magiya har na gaji. Da safe sai na gan shi ya sa babbar riga.

Naraguta

A jami'ar Baba ya karɓi lambar. Bayan taro wata malama da ta yi aiki tare da marigayiyar ta kai mu ɗakin binciken Yaya, ta sa ya leƙa madubin da ke ƙara wa abu girma.

"Baba, ƙwayoyin da ta yi ta raino ke nan. Har yanzu suna hayayyafa."

Ya daɗe bai ɗago ba.

"Suna da rai?"

"Suna da rai."

"Da ta tafi, wa ke ba su abinci?"

"Mu ne, Baba."

Ya share ido da hannun riga. Nan kuka ya ci ƙarfina.

Komawa

Baba ya raka ni tasha. Direba ya ga hoton, ya tambaya ko wace ce.

"'Yata ce," in ji Baba da ƙarfi. "Farfesar ƙwaya."

Na iso Kano da la'asar lafiya, na gode wa Allah. Yaya, da ma kin ji da kunnenki.