Rediyon Malam Mikail

Malam Mikail tela ne a Goron Dutse, amma ranar Juma'a keken ɗinkinsa hutawa yake yi. Da an sauko daga masallaci sai ya zauna a zaure yana haɗa irin allon nan na cikin rediyo, mai siraran layukan jan ƙarfe. A waya ya koya, yana ɗan shekara hamsin da biyu.

Yakan buga zanen layukan a takarda, ya manna wa allon da dutsen guga, sannan ya tsoma shi a ruwan sinadari har layukan su fito.

Na farko da na biyu duk lalacewa suka yi. Matarsa Hafsa ta leƙo ta ce, "Malam, robar wanke-wankena ce ta koma ruwan goro haka?"

"Ilimi take sha," in ji shi.

Na ukun ya zama 'yar rediyo mai kama tasha ɗaya tal. Da ya kunna, labaran rana suka fito raɗau. Hafsa ta ɗauke ta ta kai kicin, har yau can take. Yanzu ƙararrawar ƙofa yake haɗa wa maƙwabcinsa Ilu, wanda kullum sai ya tambaya ko an gama.